Tsibirin Gough: yadda ɓera da ƙugiya suke ƙarar da albatros ɗin Tristan

A kudancin Tekun Atlantika, kimanin kilomita 2,600 daga birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, akwai wani tsibiri mai duwatsu da ake kira Gough, wanda babu gari a kansa, babu filin saukar jirgin sama, babu kuma gaɓar da babban jirgin ruwa zai iya jingina. Tsawonsa kamar kilomita 13 ne, faɗinsa kuma wajen 5, yana ƙarƙashin ikon Birtaniya a matsayin wani yanki na tsibiran Tristan da Cunha. 'Yan ƙalilan ɗin mutanen da ke kwana a can su ne ma'aikatan tashar hasashen yanayi da Afirka ta Kudu take gudanarwa tun 1956, sai masu nazarin tsuntsaye, kuma sau ɗaya a shekara jirgin ruwa yake kawo musu abinci da waɗanda za su canje su. Ainihin mazauna wurin tsuntsayen teku ne, miliyoyinsu, kuma su ne babban dalilin da ya sa hukumar UNESCO ta sanya tsibirin cikin wuraren gado na duniya a 1995. A cikinsu akwai albatros ɗin Tristan, wanda tun 2008 ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya, IUCN, ta ɗora shi a matakin hatsari mafi tsanani, matakin da daga shi sai ɓacewa.

Mai karatu a Kaduna, wanda tsakaninsa da bakin teku akwai tafiyar yini guda a mota, yana da hujja idan ya tambayi abin da ya haɗa shi da wannan tsuntsu. Abin da ya sa batun ya cancanci fashin baƙi shi ne, ya nuna a fili yadda halitta mai tsawon rai take iya zarcewa zuwa ƙarewa alhali masu ƙirga ta suna ganin adadinta bai motsa ba, ya kuma nuna cewa gano cuta abu ɗaya ne, iya magance ta kuma wani abu ne dabam.

Raunin tsuntsun yana cikin irin rayuwar da aka halitta masa. Yana cikin manyan tsuntsaye masu tashi a duniya. Idan ya buɗe fukafukansa, daga wannan baki zuwa wancan yakan kai mita 3. Ba ya yawan kaɗa su. Iskar da ke bi ta saman raƙuman ruwa yake hawa, ya yi sama ya gangaro, ya sake yin sama, ta haka yake cin dubban kilomita yana neman kifi da sauran naman teku, tun daga gaɓar Brazil da Uruguay har zuwa ta Namibiya da Afirka ta Kudu. Ruwan gishiri yake sha, wasu 'yan matatu da Allah ya yi masa a saman idanu su tace gishirin su fitar da shi ta hanci. Saboda haka babu abin da yake kai shi tudu sai haihuwa.

Haihuwar kuwa da ƙyar ake samun ta. Wanda ya tashi daga sheƙar iyayensa yakan yi shekaru a teku bai taka ƙasa ba, kuma galibi sai ya kai wajen shekara 10 yake fara haihuwa, bayan ya ɓata 'yan shekaru yana zawarcin abokiyar zama, wadda idan sun daidaita yawanci mutuwa ce take raba su. Macen ƙwai ɗaya tak take sakawa, a watan Janairu, cikin sheƙar da suka tara da laka da ciyawa a kan tuddai masu danshi. Uwa da uba suna karɓa-karɓa wajen kwanci har fiye da wata biyu, sannan su shiga jigilar abinci daga teku, ba su hutawa sai Nuwamba ko Disamba lokacin da ɗan zai iya tashi. Shekara guda ta tafi ke nan a kan ɗa guda, kuma gajiyar takan sa su huta a shekarar da ke biye. Ma'ana, idan komai ya tafi daidai, ɗa ɗaya ake samu a shekara biyu. Abin da yake cike wannan giɓi shi ne tsawon rai, domin albatros yakan rayu shekaru gommai. Akwai ma wata ta wani jinsin dabam a tsibirin Midway na Tekun Fasifik da aka sa wa zobe a ƙafa a 1956, aka kuma sake ganin ta da ƙwai a ƙarshen 2024, tana da shekara fiye da 70. Tsari ne mai kyau a duniyar da manya ba sa mutuwa da wuri, 'ya'ya kuma yawancinsu suna tsira. Idan ɗayan waɗannan sharuɗɗa biyu ya karye, lissafin ya ɓaci. A wajen albatros ɗin Tristan duka biyun ne suka karye.

A da yana haihuwa a tsibirai uku. A babban tsibirin Tristan da Cunha mutanen da suka zauna can sun ci shi, sun ci ƙwansa, har ya ƙare wajen farkon ƙarni na 20. A tsibirin Inaccessible aladun da aka saki da kuma mafarauta suka bar 'yan ma'aurata biyu ko uku kacal. Saura duk suna Gough, inda ma'aurata tsakanin 1,500 da 2,000 suke hawa ƙwai a kowace shekara. Jinsi guda ke nan da makomarsa ta rataya a kan ƙasar da faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 65 ba.

Ɓera ya shiga wannan ƙasa a ƙarni na 19, cikin kayan mafarautan wata dabbar teku da ake cinikin fatarta. Ɓeran gida ne, irin wanda kowa ya sani, ba gafiya ba. Ya tarar da tsibirin da babu kyanwa, babu maciji, babu wata dabba mai shayarwa ta tudu da za ta yi takara da shi, sai ya yaɗu tun daga bakin ruwa har ƙololuwar duwatsu, ya kuma yi girman da ya sa ɓerayen Gough suka fi na sauran wurare nauyi da kusan rabi ko ma fiye.

Ga yadda ɓarnar take faruwa. Ɗan tsakon yakan ƙyanƙyashe wajen watan Maris, iyayen su zauna da shi na 'yan makonni, daga nan su bar shi shi kaɗai a sheƙa, su riƙa dawowa bayan kwanaki suna ɗura masa abinci. Wannan lokaci ya zo daidai da shigowar hunturun kudancin duniya, wato watannin da mu nan muke cikin damina, sa'ad da ƙwari da 'ya'yan ciyawa, waɗanda su ne abincin ɓera na asali, suke yin ƙaranci a Gough. Da dare sai ɓera ya hau sheƙar, ya kutsa cikin lallausan gashin ɗan tsakon, yawanci ta wajen ƙugunsa, ya fara gaigayar fata har ya huda ta. Ɗan tsakon yana iya kai kilo 8 ko fiye, ya ninka ɓeran sau ɗaruruwa a nauyi, kuma da sara ɗaya zai iya kashe shi, amma ba ya yi. Yakan ɗan muskuta, ya juya wuya ya kai baki wajen ciwon, sannan ya koma ya zauna. Dare na gaba wasu ɓerayen su taru a kan ciwon su faɗaɗa shi, wani lokaci har kusan goma a kan tsuntsu guda, cikin 'yan kwanaki kuma ya mutu, ko kuwa manyan tsuntsaye masu cin mushe su ƙarasa shi da rana. Ba wauta ce take hana shi kare kansa ba. Kakanninsa sun yi dubban shekaru suna haihuwa a tsibiran da babu wani abu mai haƙori da ke rarrafowa da dare, don haka ba a gadar masa da sanin cewa wannan abu maƙiyi ba ne, kuma shekara 200 ba ta isa tsuntsu mai jinkirin haihuwa irin wannan ya sake hali ba.

Masana sun daɗe suna ɗaukan ɓeran gida a matsayin ƙaramar matsala idan aka kwatanta shi da kyanwa ko manyan ɓeraye. Sai a tsakanin 2000 da 2001, da Richard Cuthbert da Erica Sommer suka shekara a tsibirin, suka ga 'yan tsaki da raunuka a jiki suna mutuwa da yawan da ba a saba gani ba, zargi ya koma kansa. A 2004 Ross Wanless da Andrea Angel suka ɗauki hoton bidiyon harin da dare, aka wallafa sakamakon a 2007, gardama ta ƙare. Ƙidaya ta nuna cewa a cikin ƙwai 10 da albatros ɗin Tristan ya saka, wajen 3 ne kawai suke zama tsuntsun da ya tashi, alhali danginsa da ke tsibiran da babu ɓera suna samun 6 zuwa 7. Ƙananan tsuntsayen teku masu haƙa rami su yi sheƙa a ciki sun fi shi shan wuya, har wani nazari ya ƙiyasta cewa tsibirin yana asarar ƙwai da 'yan tsaki kusan miliyan 2 a kowace shekara. A 2021 kuma aka tabbatar da abin da ake tsoro: ɓeraye sun kashe babbar albatros, uwa mai reno, a kan sheƙarta.

A nan ne lamarin ya so ya rikitar da masanan kansu. Tun 2004 ake ƙirga sheƙu a Gough, amma adadin ma'auratan da ke kan ƙwai bai nuna wata faɗuwa a fili ba. Mai neman hujjar ƙin kashe kuɗi zai iya cewa, to ina hatsarin, tunda ga ɓeraye suna ci shekara da shekaru amma tsuntsayen suna nan? Nazarin da Steffen Oppel da abokan aikinsa suka wallafa a 2022 shi ya warware wannan ƙulli. Sun haɗa ƙidayar sheƙu da bayanan tsuntsayen da aka sa wa zobe, suka lissafa jimillar jinsin har da waɗanda ke yawo a teku, sai suka ga tana raguwa da kimanin kashi 1 cikin 100 a shekara, wato an yi asarar tsuntsaye fiye da 2,000 tun 2004 ba tare da ƙidayar sheƙu ta nuna ba. Dalili na farko shi ne, masu ƙirga manya kaɗai suke gani, su kuwa manyan suna da tsawon rai. Matasan da ya kamata su taru a teku suna jiran lokacinsu, su ne suke ƙaranci, kuma babu mai ganin su. Dalili na biyu ya fi ban mamaki. Ma'auratan da ɗansu ya mutu da wuri ba su da dalilin hutun shekara, don haka sukan dawo a shekarar da ke biye su sake sakawa. Ashe ɓarnar ɓeran da kanta tana ƙara yawan sheƙun da ake ƙirgawa, tana rufe sawunta. Duk wanda ya san kiwo zai gane wannan da wuri: makiyayin da maruƙansa suke mutuwa kowace shekara, idan shanun tatsa kaɗai yake ƙirgawa, zai daɗe yana ganin garkensa cif-cif, sai ranar da tsofaffin suka fara faɗuwa zai waiga ya ga babu karsanar da za ta maye gurbinsu.

Mu ma a nan muna da tsuntsuwa mai irin wannan lissafi. Ungulun da dattawan Kaduna suka taso suna gani a kan rufin mahauta da bakin kasuwa, ƙwai ɗaya take sakawa, tana kuma da tsawon rai, kuma tun 2015 take a mataki ɗaya da albatros ɗin Tristan a jerin IUCN. Guba, da cinikin sassan jikinta don tsibbu da maganin gargajiya, da sare manyan itatuwan da take sheƙa a kai, su suka taru suka rage ta, jama'a kuwa ba su farga ba sai da aka wayi gari ana yanka a mahauta babu ita. Shi ya sa aikin ƙidayar tsuntsaye da cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos take jagoranta, da wayar da kai da Gidauniyar Kiyaye Halittu ta Najeriya take yi a kan ungulu, ba aikin marasa abin yi ba ne. Darasin Gough a wannan fanni shi ne, ganin manya bai isa ba, sai an san ko 'ya'ya suna tashi.

Rabin matsalar ke nan, na tudu. Ɗaya rabin yana teku, kuma shi manya yake ci, abin da ya sa tsuntsun ya zama gaba kura baya sayaki. Jiragen kamun kifin tuna suna shimfiɗa mamari mai tsawon da yakan kai kilomita 100, ɗauke da dubban ƙugiyoyi, kowace da kotonta. Yayin da ake sakin igiyar daga bayan jirgi, akwai 'yan daƙiƙu da koton yake yawo kusa da saman ruwa kafin ya nutse. Albatros, wanda ya saba bin jirage don cin abin da suke zubarwa, sai ya kai masa cafka, ƙugiya ta kama shi a baki ko a maƙogwaro, igiyar ta ja shi ƙasa ya nutse. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2011 ya ce tsuntsayen teku aƙalla 160,000, wataƙila har 320,000, suke mutuwa ta wannan hanya a duniya a kowace shekara. Mutuwar babba ɗaya kuwa ta fi ƙarfin mutuwar tsuntsu ɗaya, domin ɗan da ke sheƙa ba ya rayuwa da cimar uwa ko uba shi kaɗai, wanda aka mutu aka bari kuma yakan yi shekaru kafin ya sake aure.

Abin takaici, maganin wannan sananne ne, kuma ba shi da tsada. Ana kafa sanda a bayan jirgi, a ɗaura mata doguwar igiya da ke bin sawun mamarin, a rataya mata tsummoki masu launi da iska ke kaɗawa, su zama shingen da tsuntsu ke tsoron ratsawa har koton ya nutse. Ana sa dalma kusa da ƙugiya don ta yi saurin nutsewa. Ana kuma sakin mamarin da dare, lokacin da albatros ba ya yawan kiwo. Inda aka tilasta irin waɗannan matakai an ga aiki: a jiragen jan taru na Afirka ta Kudu mutuwar albatros ta ragu da kashi 99 cikin 100, a Namibiya kuma, bayan dokar 2015, mutuwar tsuntsaye a mamarin ƙasan teku ta ragu da kashi 98. Hukumar da ke kula da kamun tuna a Atlantika, ICCAT, ta wajabta wa jiragen da ke aiki a can kudu su yi amfani da biyu daga cikin matakan nan uku. Matsalar ita ce tsakiyar teku ba ta da ɗan sanda, kuma kaɗan ne daga cikin jiragen suke ɗauke da mai sa ido. Akwai yarjejeniyar kare albatros ta ƙasa da ƙasa, ACAP, wadda ta fara aiki a 2004 kuma ƙasashe 13 suke cikinta, amma Japan da Sin da Koriya ta Kudu, masu manyan jiragen da ke kamun kifi nesa da gida, ba sa ciki. Mutanen Tristan da Cunha, waɗanda ba su kai 300 ba, sun yi nasu ƙoƙarin a 2020 da suka haramta kamun kifi a kashi 90 cikin 100 na ruwansu, yanki mai faɗin murabba'in kilomita kusan 690,000. Mataki ne babba, sai dai tsuntsun da ke kiwo daga Brazil zuwa Namibiya bai san iyaka ba.

Idan aka dawo kan ɓera, tambayar da za ta fara zuwa bakin kowa ita ce, me zai hana a kai kyanwa? An taɓa gwadawa a wani wurin. A tsibirin Marion na Afirka ta Kudu an kai kyanwoyi 5 a ƙarshen shekarun 1940 don su rage ɓerayen tashar yanayi. Zuwa 1977 sun kai wajen 3,400, kuma tunda kama tsuntsu a rami ya fi bin ɓera sauƙi, suna cinye tsuntsaye kimanin 450,000 a shekara. Sai a 1991 aka iya gamawa da su, bayan shekaru ana fama. Ɓerayen suna nan, yanzu su ma suna cin 'yan tsakin albatros a can.

Hanyar da ta rage ita ce guba, kuma a nan dole a bambanta ragewa da kawarwa. A tsibiri irin Gough kashe kashi 99 cikin 100 na ɓeraye daidai yake da an yi ba a yi ba, domin ɓera yana balaga cikin wata biyu, macen kuma tana haihuwar 'ya'ya da yawa sau da dama a shekara. Mace ɗaya mai ciki da ta tsira ta isa ta mayar da hannun agogo baya. Dole kowane ɓera da ke tsibirin ya sami gubar, ya kuma ci abin da zai kashe shi, duk a cikin 'yan makonni. An yi irin wannan an ci nasara: a tsibirin Macquarie na Ostireliya, wanda aka tabbatar ya tsarkaka daga zomaye da ɓeraye a 2014, da South Georgia da Antipodes, waɗanda aka tabbatar da nasu a 2018. Amma ƙaramin ɓeran gida ya fi manyan wuyar sha'ani, saboda yankin da yake yawo a ciki ƙarami ne ƙwarai, ta yadda ɗan giɓin da gubar ba ta sauka ba zai iya zama duniyar ɓera guda sukutum. Gough kuma ga tsaunuka masu tsaye da ke faɗawa teku, ga kogunan dutse, ga ciyayi masu duhu, ga ruwan sama da iska kusan kullum.

Ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, RSPB, tare da gwamnatin Tristan da Cunha, su suka ɗauki nauyin aikin, wanda ya ci fiye da fam miliyan 9. An shirya yin sa a 2020, annobar korona ta rushe shirin, har sai da aka kwashe ma'aikatan da suka riga suka isa a jirgin ruwa mai filafilai zuwa tsibirin Ascension, tafiyar kusan mako biyu. Aka sake ɗaura ɗamara a 2021. Daga Yuni zuwa Agusta, tsakiyar hunturu, lokacin da yunwa ta fi damun ɓera kuma ba ya haihuwa, jirage masu saukar ungulu 4 suka riƙa tashi da manyan bokitai rataye a ƙarƙashinsu, suna watsa shinkafar ɓera wajen tan 200 a layi-layi, na'urar tauraron ɗan'adam tana nuna wa matuƙi inda ya bi da inda ya rage, aka kuma maimaita don kada a bar giɓi. Gubar, wadda ake kira brodifacoum, tana hana jini daskarewa ne, kuma sai bayan kwanaki take kashewa, da gangan aka zaɓi irin wannan don kada ɓera ya ji ciwo nan take ya guji abincin. Da yake akwai tsuntsayen tudu biyu da za su iya cin gubar, wani ɗan ƙarami mai cin tsaba da ba a samun sa ko'ina sai Gough da kuma wata kazar ruwa, sai aka kama wasu daga cikinsu aka tsare a keji har aikin ya wuce. Ɗan ƙaramin ya tsallake lafiya, kazar ruwan kuwa ta yi asara mai yawa, kuma wannan farashi ne da bai kamata a ɓoye shi ba.

Watanni suka wuce ba a ga ɓera ba. A tsakiyar Disamba 2021 wata kyamarar da aka ɗana ta ɗauki hoton guda ɗaya, a Janairu 2022 aka kama wasu a wurare dabam-dabam, RSPB ta fito ta ce haƙa ba ta cimma ruwa ba. Kwamitin masana masu zaman kansu da ya binciki lamarin ya nuna cewa ɓerayen sun tsira ne a wurare da dama, ba sababbi ne suka shigo ba, kuma cikin dalilan da ya fi zargi akwai wanda ba a ba shi muhimmancin da ya kamata ba tun farko: katantanwa marar ɓawo, ita ma baƙuwa ce da mutane suka shigo da ita, wadda take cinye gubar da yawa kafin ta kai bakin ɓera, ita kuwa gubar ba ta yi mata illar da take yi wa dabba mai shayarwa.

Duk da haka shekarar da ta biyo baya ta ba da amsar da babu wani nazari da zai iya bayarwa. Da yake ɓerayen sun ragu matuƙa, a 2022 wajen kashi 75 cikin 100 na ƙwan albatros ɗin Tristan sun zama tsuntsayen da suka tashi, maimakon wajen 30 da aka saba. Wani ƙaramin tsuntsu mai sheƙa a kogo, firayon ɗin MacGillivray, wanda a da kashi 6 kawai na 'ya'yansa suke tsira a wurin da ake bibiya, ya kai kashi 82. A ganina wannan ya kashe duk wata gardama a kan ko ɓera ne musabbabin ɓarnar ko wani abu dabam, ya kuma nuna cewa tsuntsayen ba su da wata naƙasa a jikinsu. Da zarar an ɗauke musu maƙiyin, haihuwarsu tana komawa daidai a shekara guda. Aikin ya faɗi, amma hujjar da aka gina shi a kai ta tsaya da ƙafarta.

Za a iya cewa fam miliyan 9 kuɗi ne da za su gina asibitoci, kuma ba zan raina wannan magana ba a ƙasar da muke ciki. Sai dai kuɗin na masu ba da gudummawa don kare halittu ne da hukumomin da abin ya shafa, ba daga bakin wani marar lafiya aka ƙwace su ba, kuma irin wannan aiki idan ya yi nasara sau ɗaya ake biya, muddin aka tsare jirgin da ke zuwa daga sake shigo da ɓera a cikin kaya. Inda nake ganin an cancanci suka shi ne wajen da aka fi mai da hankali: watsa guba daga jirgi abu ne mai jan ido da sauƙin tara wa kuɗi, sa mai sa ido ko kyamara a jirgin kamun tuna kuwa aiki ne na taro da yarjejeniya da ja-in-ja da ƙasashe masu ƙarfi, shi ya sa yake tafiyar hawainiya. Alhali tsuntsun da aka ceto daga haƙorin ɓera, a teku zai yi kusan duk rayuwarsa.

A yanzu ɓeraye sun sake yaɗuwa a Gough. RSPB ta ce ba ta janye daga burin kawar da su ba, amma ba za a sake gwadawa ba sai an fahimci yadda za a shawo kan matsalar katantanwar da kuma yawan gubar da ya kamata a watsa, masu shirin irin wannan aiki a Marion, wanda ya ninka Gough fiye da sau huɗu a girma, su ma suna gyara tsarinsu da abin da ya faru. Nazarin 2022 ya lissafa cewa idan aka kawar da ɓeran, yawan albatros ɗin Tristan a 2050 zai iya ninka abin da zai kasance in ba a kawar ba, daga sau biyu zuwa kusan sau takwas. 'Yan tsaki fiye da 1,000 da suka tashi a 2022 kuwa ba za su bayyana a ƙidayar sheƙu ba sai wajen 2032, kuma yawan waɗanda za su dawo daga cikinsu ya dogara ne a kan jirage nawa suka rataya tsummoki suka sa dalma a ƙugiyoyinsu tsakanin yanzu da lokacin.